Farar Hoda a Garkar Guro

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. Karatuna bai wuce 'yar elementaren da na yi a Gwandu ba kafin aure ya kawo ni Kalgo, kuma ni mutum ce da ko sallama aka yi da ƙarfi sai gabana ya faɗi. Ga shi kuma maganar ta gidan surukaina ce. Amma kullum na ga Gwaggo Dije ta ɗauki ludayi, rabin kunun ya zube a zaninta kafin ya kai baki, sai in ji shirun ya fi ƙarfina.

Gwaggo Dije ƙanwar surukina ce. Shi ba zan rubuta sunansa ba, Baba nake ce masa. Mijinta ya rasu, ba ta da ɗa, ta dawo gidan wanta, aka ba ta 'yar bukka kusa da turken awaki. Mu matan gidan ba ma fita. Ita kuwa an ce ta wuce shekarun kulle, saboda haka duk aikin waje ya zama nata: ruwa, itace, da garkar kuɓewa da ke bayan gari wajen gangaren fadama. Mu nan guro muke ce wa kuɓewa. Baba ne yake kai guron kasuwa, a yaba masa, amma tun daga shuka har tsinka hannun Gwaggo ne.

Damanar bara ruwa ya ɗauke bayan guro ya fara fure, sai darɓa ta sauka. Wasu 'yan ƙananan ƙwari ne kamar ƙwarƙwata, suna manne a bayan ganye suna tsotse ruwansa, ganyen ya nannaɗe, ya yi danƙo, ya yi baƙi, furen ya zube. Gwaggo tana da yadda take yi da su. Takan daka ganyen dogon yaro ta jiƙa ya kwana, ta narka sabulun salo a ciki, ta tsoma tsintsiya tana yayyafa wa bayan ganyen. Da sassafe kuma, tun raɓa ba ta bushe ba, ta bi da toka tana barbaɗawa da hannu. Aikin yana cin lokaci, kuma ba ya ƙarar da darɓar duka. Yana dai rage ta, sai an yi ta maimaitawa. Baba ya ce wannan wasan yara ne.

A lokacin ne masu feshin sauro suke zagaya garuruwanmu suna fesa wa bangon ɗakuna magani. Akwai wani Umaru, ɗan abokin Baba, yana lebura a cikinsu. Wata rana da hantsi ya zo da garwa rufe da tsumma. Ina tankaɗe a bayan zanan da ke jikin zaure, duk abin da suka faɗa a kunnena.

"Baba, wanga ba wasa ba ne," in ji Umaru. "Mu da muke aiki da shi, riga daban anka ba mu, da hula. In mun tashi sai mun yi wanka da sabulu kahin mu taɓa abinci."

"Ku ai wuni kuke cikinai," in ji Baba. "Wanga 'yar barbaɗawa ce da sahe."

"To, a dai kiyaye shi da bisashe. Kuma don Allah kada a ce ni na kawo."

Baba bai taɓa garwar ba. Ya sa Umaru ya ɗauka ya kai har cikin bukkar Gwaggo, wai kada ruwa ya taɓa. Da ta dawo daga rijiya ta buɗe, ta ga farar hoda kamar garin rogo.

"Yaya, mine ne wanga?"

"Magani."

"Maganin mi?"

"Maganin darɓa. Ki barbaɗa shi awa yadda kike barbaɗa toka."

Haka ta yi kuwa, don ba a gaya mata wani abu daban ba. Ta zuba a faifai, ta duƙa, tana juya ganye da hagu tana watsawa da dama. Raɓa ta haɗu da hodar ta zama kamar ƙullu, ta manne mata har gwiwar hannu. Ta shigo gida fara fat, har gira, tana dariya.

"Ta-Gwandu, dube ni," ta ce mini, don haka take kirana. "In kin rasa garin tuwo, ki kakkaɓe ni cikin tukunya."

Na zuba mata ruwa ta wanke. Na ce, "Gwaggo, Umaru ya ce su da sabulu suke wanka."

"Su ai ma'aikata ne. Ni da anka haifa cikin toka?"

Kwana kaɗan garka ta yi tsit. Darɓa ta mutu. Ƙudan zuma da ke shiga furen su ma suka mutu, da 'yan jajayen ƙwaron nan masu ɗigo-ɗigo da Gwaggo ta ce su ke cin darɓa, har da ƙadangaru. Baba ya kwashi maƙwabta ya kai su suka gani, ya dawo yana ta fara'a. Ba a daɗe ba darɓar ta dawo, ta fi ta farko yawa, kuma babu abin da ya rage a garkar da zai ci ta. Baba ya ce maganin ne bai isa ba, a ƙara, a riƙa yi kowace safiya.

Ciwon kai ne ya fara kama Gwaggo. Sai ta ce harshenta ya yi nauyi, ba ta jin gishiri a miya. Sai fatar idonta ta soma rawa ita kaɗai. Kyanwar da ke kwana a bukkarta ta fito tsakar gida wata rana tana layi, ta faɗi tana shure-shure, ta mutu. Inna, uwar mijina, ta ce maciji ne ya sare ta. Na duba ko'ina a jikinta ban ga sara ba.

"Masassarar damana ce," in ji Inna, da Gwaggo ta kasa cin tuwo. "Kowa na yi. Ita dai Dije tun tana yarinya raki gare ta."

Ban iya magana a gaban Baba. Ko hanya muka haɗa durƙusawa nake in sunkuyar da kai har ya wuce, haka aka koya mini. Don haka Inna na samu a madafa, na ce a hankali ko hodar ce.

"Wace hoda? Maganin? Ke, kin taɓa jin magani ya sa ciwo? Ba shi anka fesa ɗakinki ba, da nawa, da na Liman? Kin mutu?"

"A bango aka fesa, Inna. Ita da hannu take ɗiba."

"To, likita. Juya tuwonki."

Da maganar ta kai kunnen Baba, shi ma abin da ya ce ke nan daga bakin zaure, da ƙarfi don kowa ya ji: magani ne, don lafiyar mutane aka kawo shi daga ƙasar Turawa, duk wanda ya ce yana cutarwa jahilci ke damunsa.

Amma akwai abin da na gani da idona. Baba yana kiwon wani farin rago don layya. Wata rana Gwaggo ta dawo da ciyawar da ta cire daga garka, ta zuba wa ragon. Baba ya fito da gudu, rawaninsa na warwarewa, ya sa ƙafa ya shure ciyawar.

"Dije! Kashe min shi za ki yi? Kada ki sake kawo ko tsinke daga garkar nan wurin ragon ga!"

Gwaggo ta tsaya tana dubansa, hannunta fari da hoda. Ta duƙa ta tattara ciyawar da hannun nan nata.

A makon nan kuma ya ce wa Inna ɗanyen guro yana ɓata masa ciki, a riƙa yi masa miyar kuka. Mutumin da tun zuwana gidan bai taɓa cin tuwo ba tare da guro ba. Mu mata aka bar mu da guron da kasuwa ba za ta saya ba. Nakan wanke shi, in sake wankewa, wani lokaci in faki ido in binne shi a bayan rumbu in ce awaki sun cinye.

Na jira mijina ya dawo daga gona, ya yi wanka, ya ci abinci. Na gaya masa abin da Umaru ya ce, da maganar rago.

"Mi ya kai ki sauraren maganar zaure?" ya ce.

"Ban saurara ba, ji na yi. Ka dubi hannunta mana. Ko allura ba ta iya zurawa."

Ya daɗe yana murza hularsa. "Kin san abin da kike so in yi? In tsaya gaban ubana in ce masa ya san abu na cutarwa ya ba ƙanwa tai. In faɗi haka da bakina?"

"To ka karɓi aikin kai."

"Ni in bar gero in tahi barbaɗa wa guro magani? Aikin mata ne. Ki yi haƙuri, damana ta kusa wucewa."

Kowa haƙuri yake ba ni, ni da ba ni ce ke ciwon ba.

Gwaggo da kanta ta gwada sau ɗaya. Ta durƙusa a ƙofar turakar Baba, ta ce, "Yaya, ka bar ni in koma ga sabuluna da dogon yaro. Abin ga ba shi yi da jikina."

"Sabulunki da ya hana, da na nemo wani? Dije, ki ji tsoron Allah. Kina ci, kina sha, kina kwana inuwa. Na taɓa goranta miki? 'Yar barbaɗa magani ita ta gagare ki?"

"A'a, Yaya."

"To. Tsufa ne ya zo miki, ba wani abu ba. Kowa zai yi."

Ba ta kai shi shekaru ba, shi kuwa hannunsa ko gezau.

Na bi ta bukkarta. Warin hodar ya cika ɗakin, garwar tana nan kusa da inda take sa kai. Na ce ta ce ba ta yi kawai, mi zai faru?

Ta yi murmushi, gefen bakinta na rawa. "Ta-Gwandu, ke in anka ɓata miki kina da Gwandu. Ni bukkar ga ita ce Gwanduna. In na ce ba ni yi, ina za ni?"

Na yaga tsohon kallabina na ba ta ta ɗaure hanci, na ba ta wani tsagaggen ludayi ta riƙa ɗiba da shi. Na jawo garwar waje na kife mata tsohon kwando. Da yamma Baba ya ga garwar ya ce a mayar, hadari na haɗuwa, kuma awaki na iya kai baki. Ludayin ma bai yi kwana biyu ba. Ya je garka ya ga hoda ta zuba a ƙasa, ya ce ɓarna ake yi masa, hannu ya fi kai wa bayan ganye. Inna kuwa ta ga kallabin a fuskar Gwaggo ta yi ta dariya, wai Dije ta zama Buzuwa. Gwaggo ta ji kunya ta cire.

Daga nan ta fara mantuwa. Ta ɗora tukunya ta manta ba ta zuba ruwa ba. Ta kira ni da sunan wata ƙawarta da ta daɗe da rasuwa. Ta rame har awarwaronta yana zamewa ya faɗi. Duk da haka kowace asuba sai in ji motsin faifai, in ji tafiyarta tana jan ƙafa zuwa ƙofa.

Wata ranar Laraba bayan la'asar ta shigo da tulu a ka. Tana kaiwa tsakar gida ta tsaya cak, idonta ya juye, ta faɗi ta baya. Tulun ya fashe. Jikinta ya sandare, sannan ya kama fizga, ƙafafunta na dukan ƙasa, kumfa da jini na fita a bakinta don ta ciji harshe. Daidai yadda kyanwar ta yi. Na rungume kanta ina kiran sunanta.

"Iska ce!" in ji Inna. "Na sha gaya mata ta bar ratsa gindin tsamiyar fadama. A kawo garwashi!"

Aka turara mata hayaƙi, aka aika aka karɓo rubutu aka ɗura mata, rabi ya bi ta wuya. Maƙwabta mata suka cika gidan, kowace da labarin wanda iskar fadama ta taɓa bugewa. Na ce a kai ta asibitin Birnin Kebbi, ba nisa.

"Asibiti na maganin iska?" in ji Inna. "Wagga yarinya, boko ya ɓata ki."

Da Gwaggo ta farfaɗo, ta dubi ruwan da ya malale, ta dubi fasassun tulun. Abin da ta fara cewa shi ne, "Wa ya fasa? Ni ce? Ku yi haƙuri, zan nemo wani."

Baba yana tsaye daga nesa, hannunsa a baya. Ya ce Allah ya sawwaƙe, Allah ya sa kaffara ce. Har ya juya, sai ya waiwayo.

"In ta ji sauƙi da sahe ta daure ta leƙa garkar. Darɓa ba ta san ana ciwo ba."

Mijina yana wurin, ya dubi ƙasa.

Ni dai ga abin da ya tsaya mini a rai. A bakinmu abin da ake ba marar lafiya magani ne, abin da ake kashe ɓera da shi ma magani ne. Gidan nan kaf suka ɓuya a bayan wannan kalma ɗaya. Da an kira hodar da sunanta, da ba wanda zai iya duban matar nan ya ce ta sa hannu. Kuma ba rashin sani ba ne. Wanda bai sani ba ba ya shure ciyawa daga gaban rago. An san abin da za a kiyaye, an kiyaye shi. Rago yana da ranar da ake jiransa, cikin Baba yana da mai shi, har awaki an tuna da su. Gwaggo Dije ce kaɗai aka duba aka ga in ta lalace ba a yi asarar komai ba. Kuma na tabbata ba gidanmu kaɗai ke da irin bukkar nan kusa da turke ba.

Kafin magariba na roƙi wata maƙwabciya ta karyo mini ganyen dogon yaro. Na daka, na jiƙa a babban masaki, na jefa sabulun wankana a ciki.

Da safe bayan an sauko daga masallaci, Baba yakan zauna a zaure da Liman da wasu dattawan unguwa su sha kunu. Ni ke damawa, Inna ta miƙa daga bakin ƙofa. Ran nan ban ba Inna ba. Na shiga bukkar Gwaggo na ɗebo hodar a sakaina, na ɗauki ƙwaryar kunun, na yafa mayafi, na yi sallama a zaure. Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa taka wurin ba da maza a ciki.

Na durƙusa na ajiye ƙwaryar a gaban Baba. Duk suka zuba mini ido.

"Baba, ga kunu," na ce. "Na ji kana cewa cikinka na ɓaci. Ga magani in zuba maka kaɗan."

"Wane magani?"

"Na Gwaggo."

Na ɗaga sakainar zuwa bakin ƙwaryar. Ya fizge ƙwaryar har kunu ya zube masa a riga, ya ja da baya yana tattare ƙafafu.

"Ke! Kin haukace? Guba za ki zuba min?"

Liman ya ajiye ludayinsa, ya dubi sakainar, ya dubi Baba.

"Malam, wace guba ce cikin gidanka?"

Baba ya koma goge kunun da ya zube masa a riga. Ni na amsa, kaina a ƙasa.

"Wadda ƙanwarsa take ɗiba da hannu kowace safiya, Allah gafarta Malam. Ita ta kayar da ita jiya."

Na tashi na koma ciki. Na tarar Gwaggo ta rarrafo har bakin bukka, faifai a hannunta, tana neman abin da za ta dafa ta miƙe. Na karɓe faifan, na mayar da ita kan tabarma, na lulluɓe ta.

"Ta-Gwandu, Yaya zai yi faɗa," ta ce.

"Ya riga ya yi, Gwaggo. Kwanta."

Na rungumo garwar na kai zaure, na dire ta a tsakiyar dattawan, na ga kowa yana janye rigarsa. Sannan na ɗora masakin dogon yaro a ka, na ɗauki tsintsiyar Gwaggo. Inna tana kirana, mijina yana kirana. Na ratsa ta gabansu na fita ƙofar gida rana tana fitowa, na tambayi wata mata da ke wucewa ta nuna mini hanyar garka.